Katangar Kawu a Magama: Abin da Ficewa Daga Ƙungiyar Ciniki Ke Yi Wa Kuɗi

Kawuna yana da fili a Magamar Jibiya, kusa da titin da ke fita Ɗan Isa ya wuce Maraɗi. Ya saye shi ne a 2021, shekarar da aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da niyyar ya gina babban sito inda motoci za su riƙa sauke wake da aya daga Nijar, su yi lodin kayan masarufi na Kano su koma. Ya sa an buga bulo, an zagaye filin da katanga, an kafa ƙofar ƙarfe. Daga nan aiki ya tsaya cik. Duk lokacin da na je gaishe shi na ce, "Kawu, yaushe za a ɗora ginin nan?" amsarsa ba ta canzawa: "Kai yaro, ba kuɗin ne babu ba. Ban san dokar da za a wayi gari da ita a bakin iyakar nan ba."

Wannan katanga da ba komai a cikinta ita ke faɗo mini a rai idan ana gardamar abin da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta jawo. Sojojin da ke mulkin ƙasashen uku sun sanar da ficewar a ranar 28 ga Janairun 2024, kuma da yake yarjejeniyar ƙungiyar ta tanadi wa'adin shekara guda, sai ranar 29 ga Janairun 2025 abin ya tabbata. Mutane da dama sun zuba ido su ga sama ta faɗo a ranar. Ba ta faɗo ba. An ci kasuwar Jibiya, an ci ta Mai'aduwa, 'yan canji sun baje jakunkunansu kamar kullum, masu babura sun ci gaba da ratsa daji. Sai wasu suka ce ashe dama duk hargowar banza ce, ECOWAS ba ta tsinana wa kowa komai. A ganina sun laluba inda ba nan ciwon yake ba.

Ƙungiyar ciniki irin ECOWAS, idan aka cire tarurruka da tutoci da hotunan shugabanni, alkawari ce kawai. Ƙasashe ne suka rattaba hannu cewa gobe ba za su tashi su canza wa juna dokar shige da fice da ta haraji ba tare da shawara ba. An kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga ɗaya ba biza. Daga baya aka zo da tsarin yafe harajin kwastan ga kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin, sannan a 2015 aka fara aiki da harajin bai-ɗaya kan kayan da ke shigowa daga waje. Wanda ya tashi a ƙauye zai gane abin idan ya tuna gandu. Ɗan da ke cikin gandun mahaifinsa ba shi da cikakken iko da guminsa, amma idan ya je neman rance ana ba shi, don an san akwai rumbun gida a bayansa. Ranar da ya ware, gonarsa tana nan, ƙarfinsa yana nan, 'yancinsa ma ya ƙaru. Abin da ya canza shi ne yadda mai ba da bashi ke kallonsa.

Kafin mu dawo iyakarmu, yana da kyau mu leƙa Birtaniya, don can ne aka ga wannan al'amari ƙuru-ƙuru. Kasuwannin kuɗinsu suna nuna farashi kowane daƙiƙa, saboda haka tsoro ba ya samun wurin ɓuya. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi a fita daga Tarayyar Turai. A daren da ake ƙirga ƙuri'u fam ɗaya yana wajen dala 1.50. Kafin gari ya waye ya gangaro wajen dala 1.33, ƙasa mafi nisa da ya taɓa tun 1985. A lura: a wannan safiyar ko doka ɗaya ba ta canza ba. Birtaniya ba ta fita ba sai ranar 31 ga Janairun 2020, sababbin dokokin ciniki kuma sai farkon 2021 suka soma aiki. Masu kuɗi ba su jira ko ɗaya ba. Abin da suke zaton zai faru nan da shekara biyar, shi suka sa wa farashi a daren.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne kasuwar hannayen jari. Hannayen jarin manyan kamfanoni ɗari na Landan sun faɗi kwana biyu, amma cikin mako guda suka farfaɗo har suka wuce inda suke. Masu goyon bayan ficewa suka yi ta murna, wai ga shi kasuwa ta ƙaryata masu kururuwa. Gaskiyar kuwa ita ce, yawancin waɗannan kamfanoni a ƙasashen waje suke cin ribarsu, da dala da yuro. Da fam ya karye, sai ribar ta kumbura idan aka juya ta zuwa fam. Kamar Bakatsinen da ɗansa ke aiko masa da riyal daga Saudiyya ne: ranar da naira ta faɗi, shi dariya yake yi, amma dariyarsa ba shaida ce cewa gari lafiya ba. Matsakaitan kamfanoni masu cin abinci a cikin gida sun fi jin jiki, wasu asusun zuba jari a gine-gine har sai da suka dakatar da masu son cire kuɗinsu a watan Yuli. Kamfanin S&P mai auna cancantar bashi ya sauke Birtaniya daga matakin ƙoli cikin kwana huɗu. Babban bankin ƙasar ya rage kuɗin ruwa a watan Agusta don ya kwantar da hankula. Talaka kuwa a kanti ya ji nasa, domin kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, hauhawar farashi ta haura kashi 3 cikin ɗari a ƙarshen 2017.

Duk wannan kuɗi ne mai ƙafa, wanda ke tsallake teku da latsa maɓalli ɗaya. Akwai kuma kuɗi mai saiwa, wanda ake binnewa a ginin masana'anta da injuna da horar da ma'aikata, ba a ciro shi sai bayan shekaru. Shi ba ya gudu, ƙin zuwa yake yi. Jarin da kamfanoni ke zubawa a Birtaniya yana hawa kafin 2016, daga nan ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, alhali na takwarorinta yana ƙaruwa. Ba wanda ya ga wannan a talabijin, don ba a ɗaukar hoton masana'antar da ba a gina ba. A watan farko da sababbin dokoki suka fara aiki, Janairun 2021, birnin Amsterdam ya sha gaban Landan wajen cinikin hannayen jari a Turai. Bankuna sun kwashe dubban ma'aikata da dukiya mai yawa zuwa Dublin da Faris da Frankfurt, saboda lasisin Landan ya daina ba su damar yin aiki kai tsaye a sauran ƙasashen. Ofishin da ke yi wa gwamnatin Birtaniya hasashen kasafi ya ƙiyasta cewa a ƙarshe ƙarfin samar da arzikin ƙasar zai gaza da kusan kashi 4 cikin ɗari kan yadda zai kasance da ba a fita ba. Landan ba ta mutu ba, har gobe babbar cibiyar kuɗi ce ta duniya. Ramewa ta yi a hankali, irin wadda sai wanda ya daɗe bai gan ka ba yake lura.

To, me ya sa ba mu ga sefa ta yi irin faɗuwar fam ba? Nan ne labarin namu ya sha bamban, kuma nan ne nake ganin ya kamata ɗan kasuwar Katsina ya buɗe kunne. Ƙasashen uku sun bar ECOWAS, amma ba su bar UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa, wadda babban bankinta yake Dakar. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, Faransa ce ke tsaya mata. Sefar da ke aljihun mutumin Maraɗi ita ce dai ke aljihun mutumin Abijan, ba ta san juyin mulki ba. Hasali ma a wannan tsakanin naira ce ta sha ƙasa, bisa dalilan gida da ba ruwansu da Nijar: a tsakiyar 2023 gwamnatin Tinubu ta sake ta, daga wajen 460 kan dala a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Jakar sefa, wato sefa dubu, da a da ba ta kai naira 1,500 ba sai ga ta ta wuce 2,000. Shi ya sa idan ka ce wa ɗan canji a Kwangwalam da ke bakin iyaka ficewa daga ƙungiya tana karya kuɗin ƙasa, sai ya dube ka ya yi murmushi, don shi akasin haka ya gani da idonsa.

Amma ruwa idan aka tare shi nan, can yake ɓullowa. Da yake farashin sefa ba ya motsi, tsoron masu kuɗi sai ya fito ta ƙofar bashi. Gwamnatocin ƙasashen sefa suna da kasuwa guda inda suke sayar da takardun lamuni, wato su karɓi rance yau su biya da ruwa bayan wata shida ko shekara uku ko biyar, kuma masu sayen takardun galibi bankunan yankin ne. Bayan da Janar Abdurahman Tchiani ya kifar da Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin da ECOWAS da UEMOA suka ƙaƙaba ya haɗa da rufe asusun gwamnatin Nijar a babban banki da hana ta shiga wannan kasuwa. Sakamakon haka ta kasa biyan basussukan da wa'adinsu ya cika, har abin ya haura sefa biliyan 300 zuwa Fabrairun 2024. Kamfanin Moody's, shi ma mai auna cancantar bashi, ya sauke ta mataki biyu a Agustan 2023, ya ƙara sauke ta a Fabrairun 2024. Mali ma ta ɗanɗana irin wannan a watanni shida na farkon 2022. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijar ta koma kasuwar a watan Afrilu, kuma ta samu masu ba ta rance. Sai dai tun daga lokacin ƙasashen uku suna biyan ruwa mafi tsada fiye da irin su Kodebuwa da Benin, kuma masu ba da kuɗin sun fi son gajeren wa'adi.

A nan dole a yi adalci, a raba tsaki da tsakuwa. Wannan ɓarnar takunkumi ce ta yi ta, ba ficewa ba, domin ta riga ficewar faruwa. Amma a idon mai ba da rance abu biyun sarƙe suke. Shi abin da ya gani shi ne, ƙasar da ta yi faɗa da maƙwabtanta tana iya wayar gari da kuɗi a asusu amma ba halin biya. Ya kuma ga cewa faɗan bai ƙare da sulhu ba, da rabuwa ya ƙare. Saboda haka yake ƙara wani abu a kan ruwa, ladan fargaba.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da taliya a Katsina da takardun lamunin gwamnatin Yamai? Ruwansa ya kai har wuya. Bankin da ke Maraɗi, wanda ya zuba kuɗin masu ajiya a takardun gwamnati aka kuma yi jinkirin biyansa, hannunsa zai ƙanƙance. Idan kuma gwamnati tana ba da ruwa mai tsoka, banki zai gwammace ya ba ta rance da ya ba ɗan kasuwa. Alhajin Maraɗi da ya saba ɗaukar tirela biyu da kuɗin banki sai ya koma ɗaukar ɗaya, ko ya ce wa abokin huldarsa na Katsina, "Alhaji, a ba ni kaya, in na sayar in aiko." Haɗarin da banki ya ƙi ɗauka ya dawo kan ɗan kasuwarmu ke nan, ba tare da ya taɓa jin sunan Moody's ba. Cinikinmu da mutanen Nijar dama a kan amana yake tafiya, amanar da ta girmi iyakar kanta, tun da sarakunan Haɓen Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Amma amana ba ta hana jarin mutum maƙalewa wata uku a hannun wani.

Sai batun kaya da haraji. Ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, kuma kayansu za su ci gaba da cin moriyar yafe haraji har zuwa wani lokaci. Su ma ƙasashen uku sun ce 'yan ECOWAS su shigo ba biza. Wannan ne ya sa ba a ga canji a ƙofa ba. Amma "har zuwa wani lokaci" ba magana ce da ake kai wa banki a karɓi rance da ita ba. Abin da a da haƙƙi ne rubutacce, yanzu alfarma ce, mai alfarma kuwa yana iya janyewa ranar da ransa ya ɓaci.

An kuma fara ganin alamu. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A ƙarshen Maris na 2025 ƙawancen ƙasashen uku, AES, ya sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje, don ɗaukar nauyin sabuwar ƙungiyar. A watan Mayun shekarar, ana daf da Babbar Sallah, Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi, abin da duk wanda ya je neman ragon layya a Mai'aduwa ko Ɗankama ya ji a aljihunsa. Kowanne daga cikin matakan nan yana da hujjarsa ta cikin gida, kuma rabin kashi ɗaya ba wani abin tayar da hankali ba ne, ita kanta ECOWAS haka take karɓa. Abin da ke kashe wa mai jari gwiwa shi ne yadda suke zuwa: sanarwa guda da yamma, washegari doka ta hau.

Mu ɗauki misali. A ce wani yana son kafa injin gyara da tace riɗi da wake a Daura, yana lissafin rabin kayan aikinsa daga Magariya da Matamaye za su riƙa zuwa, jarinsa kuma zai dawo cikin shekara shida. Idan aka ce masa za a ƙara haraji kashi biyu, zai sake lissafi ya ci gaba, wataƙila shekara shidan ta zama bakwai. Amma idan aka ce masa a cikin shekara shidan nan akwai yiwuwar a rufe ƙofa wata takwas, ba a san yaushe ba, to lissafi ya ƙare, domin inji ba ya jiran a sasanta, kuma ma'aikata sai sun ci abinci. Sai ya ɗauki kuɗin ya sayi buhunan masara ya ɓoye, ko ya sayi filaye a Katsina, ko ya mai da su dala. Dukiyarsa ba ta ragu ba, wataƙila ma ta ƙaru. Garin ne ya yi asarar aikin mutum hamsin da ba wanda zai taɓa sanin an yi niyyar ɗaukarsu.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Mafi yawan cinikin da ke ratsa iyakarmu bai taɓa shiga ƙarƙashin tsarin ECOWAS ba. Shinkafar waje da gwanjo da motocin Kwatano da ake zagayowa da su ta Maraɗi ba kayan yankin ba ne, don haka yafe haraji bai shafe su ba, hanyarsu daban. Mai fito da babur kuwa kowane kulle riba ce gare shi, don da an rufe ƙofa kuɗin ɗaukar buhu ke tashi. Wanda ficewa ke taɓawa shi ne mai bin ƙa'ida: kamfanin roba ko sabulu ko biskit na Kano da ya yi rajistar kayansa, yake da takardar shaidar asali, yake biya ta banki. Wato daidai irin kasuwancin da muke kukan babu, shi ake ƙara wa nauyi, irin wanda muke kukan ya yi yawa kuma shi ke samun taki.

Ba zan ɓoye ba, ina jin zafin hujjar mutanen Yamai, kuma laifinmu a ciki ba kaɗan ba ne. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020, muna cikin ECOWAS tsundum, Nijar ma tana ciki. Har sayar da fetur aka hana a gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Kaita da Ɓaure ba su manta ba. Abin ban dariya, wata ɗaya kafin rufewar, a Yamai ɗin nan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. A 2023 kuma aka yanke wa Nijar wutar lantarki, ƙasar da wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga wajenmu take samu a lokacin, ciki har da layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa. Magani da abinci suka maƙale a iyaka. Idan alkawarin ƙungiya bai hana a yi maka haka ba, mene ne amfaninsa? Tambaya ce mai nauyi. Darajar zama cikin ƙungiya a wurin mai zuba jari daidai take da yawan yardar da ya yi cewa za a cika alkawarin, kuma ECOWAS ta zubar da wani kaso na wannan yarda da hannunta. Sai dai ko alkawari mai rauni yana da kotu da teburin ƙorafi da ranar taro. Yanzu abin da ya rage tsakaninmu da Nijar shi ne hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971, da kuma yanayin da shugabanni suka tashi da shi.

Masu cewa ai ga 'yan China da Rasha da Turkiyya nan suna shigowa, jari bai gudu ba, su ma suna da gaskiya ta wani gefen. Mai neman fetur ko yuraniyom ko zinariya ba ruwansa da ƙungiyar ciniki, inda arzikin yake a ƙasa nan zai je. Kamfanin CNPC na China ya shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin man Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, ya kuma ba gwamnatin Nijar dala miliyan 400 a 2024 a kan man da za a sayar nan gaba. Amma wannan kansa yana nuna halin da ake ciki: wanda hanyoyin rance suka ƙuntace masa shi ke cin amfanin gonarsa tun tana kore. Kuma a wannan fagen ma an ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a 2024, aka mai da Somaïr, shi ma kamfanin haƙar yuraniyom, na gwamnati a 2025. Ko mutum yana ganin an yi daidai, kuma da yawa a nan suna ganin haka, duk mai shirin kawo kuɗi yana rubuta abin a littafinsa. Ga kuma tsadar hanya: gadar Gaya da Malanville da ke haɗa Nijar da Benin ta daɗe a rufe ta ɓangaren Nijar, kaya sai sun zagayo daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya kuɗi ne da ke kwance ba ya juyawa.

Tarihi ya ba mu misali biyu a yankin nan. Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000 ba tare da hayaniya ba, kuma a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar don ta ci moriyar ciniki. Ita dama kuɗinta daban ne, kuma tana da teku. Misali na biyu shi ya fi kama da abin da nake tsoro. A 1962 Modibo Keita ya fitar da Mali daga sefa ya buga kuɗin ƙasa. 'Yan kasuwa suka yi bore, dukiya ta tsere zuwa maƙwabta, kuɗin ya yi ta lalacewa har aka karya darajarsa da rabi a 1967, kuma a 1984 Mali ta koma sefa. Ba ina cewa dole tarihi ya maimaita kansa ba, ƙasashe da yawa suna da kuɗinsu suna zaune lafiya, kuma ƙorafin da ake yi kan sefa da hannun Faransa a cikinta ba ƙarya ba ne. Amma Janar Tchiani da bakinsa ya ambaci batun kuɗin bai-ɗaya a matsayin matakin fita daga mulkin mallaka, ƙawancen kuma ya riga ya fitar da fasfonsa, ya sanar da kafa bankin zuba jari nasa. Idan ranar barin sefa ta zo, ita ce za ta zama irin daren da fam ya faɗi.

Kuma a nan Katsina za ta shigo kai tsaye. Tun da naira ta fara tangal-tangal, 'yan kasuwar kan iyaka da yawa sun mai da sefa ma'ajiyarsu, kamar yadda na Legas ke yi da dala. Akwai kuma basussukan da ke tsakanin mutanenmu da na Maraɗi da Damagaram, da sefa aka ƙulla su, da baki, a gaban shaidu. Ranar da aka ce an canza kuɗi, da wanne za a biya, kuma a kan wane farashi? Wanda ake bi zai ce da sabon kuɗin ƙasarsa, mai bi zai ce da abin da aka yi alkawari. Jita-jitar canjin kaɗai ta isa ta sa masu ajiya a bankunan Nijar su fara kwashe kuɗinsu zuwa Lome ko Abijan, inda sefa za ta ci gaba da zama sefa. Ni da ina da bashi mai tsawo a hayin can, da tun yanzu na zauna da abokin huldata mun rubuta yadda za a yi, tun ana dariya.

Layin dogon nan na kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke ginawa kan kusan dala biliyan 2, ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An tsara shi ne a kan lissafin cewa kayan Nijar za su bar hanyar Kwatano su biyo ta tashoshin ruwan Legas, tashar tudu ta Funtuwa ma da wannan fata aka buɗe ta. Ƙarfe da siminti ba su san an fita daga ƙungiya ba, ana ta shimfiɗa su. Abin da zai sa jirgin ya biya bashin da aka gina shi da shi takarda ce: wace shaidar kwastan tarago zai nuna a Jibiya, nawa zai biya a Ɗan Isa, wa za a kai wa ƙara idan aka tsare shi mako biyu. Zuwana na baya-bayan nan na sake yi wa Kawu maganar sito, na ce ai ga aikin jirgi yana matsowa. Ya ce ya gani. A daminar da ta wuce dai gyaɗa ya sa aka shuka a cikin katangar, ya ce ko ba komai ita wata huɗu take yi a cire.